Ɗaliban Ƙasar Sin da Tekun Tambayoyin Turanci

Sau biyu a kowace shekara, a watan Yuni da kuma watan Disamba, miliyoyin ɗaliban jami'o'in ƙasar Sin sukan wayi gari su nufi ɗakunan jarrabawa domin su zauna wa imtihanin Turanci da Ma'aikatar Ilmi ta ƙasarsu ke shiryawa, wanda a hukumance ake kira CET, su kuwa a tsakaninsu ba sa ce masa komai sai "mataki na huɗu" da "mataki na shida". An fara na huɗun a shekarar 1987, na shidan ya biyo baya a 1989, tun daga nan kuwa takardar sakamakonsa ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da masu ɗaukar ma'aikata ke fara tambayar saurayi ko budurwa, har ya kai ga jami'o'i da dama sun mayar da cin matakin na huɗu sharaɗin samun digiri, alhali kuwa ita Ma'aikatar ba ta taɓa farlanta hakan ba.

Jimlar makin jarrabawar 710 ne, wanda duk bai kai 425 a mataki na huɗu ba, ba za a bar shi ya shiga na shida ba, saboda haka wannan adadi ya zama shi ne mizanin da jama'a ke auna ci da faɗuwa da shi. Daga cikin makin nan, kashi 35 cikin ɗari na karatu da fahimta ne, lokacin da aka ware masa kuwa minti 40 kacal. A cikin waɗannan mintuna ake so ɗalibi ya cike gurbi 10 a wani ɗan gajeren rubutu da kalmomin da zai tsamo daga cikin 15 da aka jera masa, sa'an nan ya ratsa wata doguwar maƙala mai kalma wajen 1000 ya gano sakin layin da kowace ɗaya daga cikin jimloli 10 ta dace da shi, daga ƙarshe ya karanta wasu maƙaloli biyu a tsanake ya amsa tambaya biyar biyar a kansu. Duk wanda ya taɓa fama da harshen da ba da shi ya tashi ba ya san cewa wannan aiki ne mai nauyi, balle ga wanda rubutun harshensa na asali ba shi da haruffan abajada ko kaɗan.

To, da yake inda duk aka sami tsoro a kan sami mai sayar da maganinsa, sai wata babbar sana'a ta tsiro a gefen jarrabawar. Makarantun share fage suka yawaita, mafi shahara daga cikinsu ita ce New Oriental wadda Yu Minhong ya kafa a birnin Beijin a shekarar 1993, littattafan jerin kalmomi da na tsofaffin tambayoyi suka cika kantuna, malamai kuma suka ƙware wajen koyar da dabaru. Sukan ce wa ɗalibi: fara karanta tambaya kafin ka dubi maƙala, ka riƙe suna ko adadi ko shekara da ke cikinta, ka bi da ido har ka tarar da shi a rubutun, ka sani tambayoyi sukan bi jerin sakin layi, ka guji amsar da ta zo da lafazin yanke hukunci irin su "kullum" ko "ko kusa", ka yi zargin amsar da ta kwafo kalmomin maƙalar daidai wa daida, domin ta gaskiyar galibi sake mata tufa ake yi. Sa'an nan a tura shi ya yi ta amsa tambayoyin shekarun baya ba dare ba rana, abin da su Sinawan da kansu suke kira dabarar tekun tambayoyi.

Ba zan ce waɗannan dabaru ɓatattu ne baki ɗaya ba, domin wanda zai shiga gari ba laifi ba ne ya tambayi inda ƙofofinsa suke, kuma ɗalibin da ya san fasalin jarrabawa ya fi wanda ya shige ta a makance natsuwa. Abin da nake inkari shi ne a mayar da su su zama su ne karatun, har mutum ya share shekara biyu ko uku yana koyon yadda zai amsa tambaya a kan rubutu ba tare da ya karanta rubutun ba. Irin wannan ɗalibi yana iya samun makinsa 425, ya yi murna, iyaye su yi murna, amma ranar da aka miƙa masa yarjejeniyar ciniki, ko rahoton bincike a fanninsa na injiniya ko likitanci, inda babu tambaya a ƙasa balle amsa huɗu da zai zaɓi ɗaya, sai ya tarar bai san inda zai kama ba, domin an horar da idonsa a kan farauta, ba a horar da hankalinsa a kan bin magana daga farkonta zuwa ƙarshenta ba. Sinawa sun daɗe suna kokawa da abin da suke kira Turancin bebe, wato na wanda ya karanta amma ba ya iya furtawa; ni kuwa ina ganin akwai wata illa da ta fi wannan ɓuya, ita ce ta wanda ake zaton ya iya karatu alhali tsince kawai ya iya.

Ba adalci ba ne a ɗora wa ɗaliban laifi. Ƙasar da ta shafe shekara wajen 1300 tana zaɓen ma'aikatan sarauta ta hanyar imtihani, ba ta soke wannan tsari ba sai a 1905, ba abin mamaki ba ne idan 'ya'yanta suka gaji girmama jarrabawa da dogaro ga hadda. Ita haddar ma ba abar rainawa ba ce, mu da muka taso muna ganin almajiran ilmi suna haddace matani tun ba su san ma'anarsa ba mun san fa'idarta. Sai dai kuma mun san cewa babu malamin kirki da ke barin almajirinsa a kan matani kaɗai, sai ya zaunar da shi ya yi masa sharhi, ya warware masa i'irabi, ya umarce shi da muɗala'a.

A ɗauki mas'alar lugga. Manhajar mataki na huɗu tana neman ɗalibi ya san kalma wajen 4500, shi ya sa za ka ga yara a ɗakin karatu ko cikin jirgin ƙasa suna ta maimaita jerin kalmomi daga littafi ko daga wayar hannu, kowace kalma da fassararta ɗaya ko biyu ta Sinanci a gefe. Amma wani masanin koyar da harshe na ƙasar Niyu Zilan, Paul Nation, ya bayyana a bincikensa na shekarar 2006 cewa mai son ya karanta jarida ko littafin hikaya na Turanci ba tare da taimako ba yana buƙatar ya san kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke gabansa, wannan kuwa yana nufin tushen kalma 8000 zuwa 9000 tare da rassansu. Tazarar da ke tsakanin adadin nan biyu ba jerin kalmomi ne zai cike ta ba, saboda kalmar da aka tsinko ita kaɗai, ba a ga maƙwabtanta ba, ba a ga yadda ma'anarta ke juyawa daga wannan muhalli zuwa wancan ba, ba ta daɗewa a zuciya, in ma ta daɗe, takan yaudari mai ita ranar da ta zo masa da wata fuska.

Inda wahalar ta fi tsanani kuwa, kuma inda ya kamata a kashe mafi yawan lokaci, shi ne ginin jimla. Sinanci harshe ne da fi'ilinsa ba ya sauya siffa saboda lokaci, kuma duk abin da zai siffanta suna, kome tsawonsa, gabansa yake zuwa. Shi kuwa Turanci, musamman na jaridu da na malaman jami'a, ɗabi'arsa ce ya ambaci suna, ya rataya masa bayani a bayansa, ya rataya wa bayanin wani bayani, ya cusa wata magana a tsakiya tsakanin waƙafi biyu, sai can bayan layi uku fi'ilin da ake jira ya bayyana. Ɗalibi yana iya sanin kowace kalma a cikin irin wannan jimla, amma ya kasa faɗin wane ne ya yi, me ya yi, wa aka yi wa. Malaman Turanci na Sin suna kiran waɗannan "dogayen jimloli masu wuya", har littattafai ake wallafawa a kansu kaɗai, wannan kuwa, a ganina, shi ne ɓangaren sana'ar share fage da ya cancanci yabo, domin aikin nahawu ne tsantsa: a nemo mubtada'i da habarinsa, a ware asali daga ƙari, a gane inda kowane lamiri yake komawa. Wanda ya jure wa wannan aiki, jimla biyar ko goma kowace rana, yana rubuta ma'anarsu da hannunsa sa'an nan ya gwada da ta malami, ya riƙi abin da zai amfane shi a ɗakin jarrabawa da wajensa.

Bayan jimla sai maƙasudin marubuci. Wannan ya fi fitowa fili a jarrabawar shiga karatun digiri na biyu, wadda mutum miliyan 4.74 suka yi rajistarta a shekarar 2023, inda maki 40 daga cikin 100 na takardar Turanci suke rataye a kan maƙaloli huɗu da akan ɗebo daga jaridu da mujallun Ingila da Amurka irin su The Economist. Marubutan waɗannan jaridu suna da wata al'ada ta jidali: sukan fara da kawo ra'ayin da ba nasu ba, su shimfiɗa shi da kyau kamar sun yarda, sa'an nan da ƙaramar kalma guda ta togaciya su juya su rushe shi, wani lokaci kuma su yi yabon da gatse ne a cikinsa. Ɗalibin da ya yi tsalle ya dira a tsakiyar maƙala yana neman kalmar da ya riƙo daga tambaya, sau da yawa a kan ra'ayin abokin hamayya yake dira, ya ɗauka na marubucin ne, masu shirya tambayoyin kuwa sun san da haka, da gangan suke haƙa masa ramin a wurin. Ashe ke nan ko don cin jarrabawar ma, karatun gaskiya ya fi dabara riba.

Tsarin koyarwar jami'o'in Sin ya daɗe da raba karatu gida biyu, na tsanaki da na yalwa, sai dai a aikace na tsanakin ne ya cinye lokaci, ana tsefe ɗan gajeren darasi mako guda, na yalwar kuwa aka bar wa ɗalibi in ya ga dama. Alhali sauri, wanda shi ne abin da minti 40 ɗin nan ke nema, ba ya samuwa sai ta yawan karanta abu mai sauƙi: littattafan hikaya da aka sassauta wa masu koyo, labaran duniya da mutum ya riga ya ji su da harshensa, bayanai a kan fannin da yake karanta, shafi bayan shafi, ba tare da tsayawa buɗe ƙamus a kowane layi ba. Da ni ne mai ba ɗalibin shawara, da na ce ya ba irin wannan karatu rabin sa'a kowace rana tun daga shekararsa ta farko, ya ba nahawun dogayen jimloli kwatankwacin haka, tsofaffin tambayoyi kuwa ya jinkirta su sai saura wata biyu, a lokacin ma ya riƙa komawa kan kowace amsa da ya kuskure ya binciko dalilin kuskuren, maimakon ya ƙirga maki ya wuce gaba.

A watan Satumba na shekarar 2023, Jami'ar Jiyawtong ta birnin Shi'an, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasar, ta sanar da cewa ta daina ɗaure digirinta da sakamakon wannan jarrabawa, mutane da yawa kuma suka yi marhabin da hukuncin, wasu ma suka ƙara da cewa tun da na'urorin fassara sun ƙware, wahalar koyon Turanci ta kusa zama tarihi. Hukuncin jami'ar na yarda da shi, domin bai dace a hana mai hazaƙa a lissafi shahadarsa saboda tambayoyin zaɓi na wani harshe ba. Maganar na'ura kuwa ban karɓe ta ba, saboda na'urar takan fassara kuskure da irin lafazin tabbaci da take fassara daidai, wanda kuma bai iya karanta asalin ba ba shi da hanyar da zai rarrabe. Sa'an nan cire sharaɗin ba zai haifar da masu karatu da kansa ba, matuƙar kamfanoni na ci gaba da tambayar takardar, jarrabawar digiri na biyu kuma tana nan da makinta 40. Abin da ya rage wa jami'ar da ta sauke wa ɗalibanta wannan nauyi shi ne ta cika sa'o'in da suka kuɓuta da littattafai, ta kuma sa malaman kowane fanni su riƙa ba su maƙalolin fanninsu da Turanci suna tambayarsu abin da marubucin yake nufi.