ILIMIN SANA'A: Ƙyauren da ke rufe kansa

Manomin da ya taɓa shiga banki ko babban farmasi a Maraɗi, Damagaram ko Yamai ya san irin ƙyauren nan. A tura shi a wuce, sai shi komo da kansa sannu sannu, shi rufe. Baƙo kan tsaya shina waige, ko wani ne ya ja shi. Babu kowa. Dabarar tana ƙarƙashin ƙafa.

A bakin ƙofar, daidai inda ƙyauren ke juyawa, akwai wani faifan ƙarfe a ƙasa. In anka ɗaga shi, sai a iske akwati na baƙin ƙarfe bizne cikin daɓe. Daga cikin akwatin wani gajeren ƙarfe ya fito sama, a kansa ƙyauren ke tsaye. Wannan ba sabon abu ba ne ga mutanen ƙauye: ƙyauren zaure na da, shi ma ƙafarsa cikin ramin itace ko na dutse take juyawa. Abin da anka ƙara biyu ne, resor da mai.

Resor naɗaɗɗen ƙarfe ne mai tsalle. In an buɗe ƙyaure, sai shi matsu, kamar baka da anka ja. In an saki, shina son komawa da ƙarfi. To, nan aikin mai yake. Akwai fistan ciki, irin na famfon keke, mai tura man ta wata ƴar kafa ƙarama. Tun da man ba shi wucewa da sauri, ƙyauren ma dole shi bi a hankali.

Wajen 1880 wani mutumen Amurka, Lewis Norton, ya ƙera abin tsai da ƙyaure mai aiki da iska, don wata majami'a ta birnin Boston. A Ingila kuwa masana'antu sunka yi suna wajen ƙera na biznewa a ƙasa, kamar ta Robert Adams a Landan da ta William Newman a Birmingham. Wasu akwatunansu sun haura shekara 100 suna aiki a tsofaffin bankuna da otel. In sun lalace ba a yar da su, akwai masu sana'ar gyaransu. Dalili shi ne sabon akwati ba shi cika dacewa da ramin tsohon ba, sai an fasa daɓe an sassaƙe ƙyaure.

Babban magabcin akwatin ruwa ne. Mai wanke daɓe shi kwarara bokiti, ruwan shi sulale ciki, tsatsa ta kama. A ƙasashen rairayi kuma ga ƙura, tana gamuwa da mai ta zama kamar dutsen wasa, tana cin ƙarfe.

Mai gyara shi kan fara da sauke ƙyauren, da taimakon mutum biyu ko ukku, don wani ya kai nauyin buhun gero. Sa'an nan shi fidda kayan ciki ɗaya ɗaya, shina jera su yadda sunka fito. Shi wanke su da kananzir, shi kankare tsatsa. Fata ko robar da ke tare mai, in ta bushe, a yanka sabuwa. Ƙarfen da ya cinye a cika shi da walda, a goge da zarto har shi komo awonsa. Resor da ya karye sai an naɗa wani daidai tsawonsa da kaurinsa, tun da an daɗe da barin ƙera kayan waɗannan tsofaffi. Gaggawa ba ta da wuri a nan. Resor matsattse in ya kuɓuce shina iya fidda ido ko karya yatsa, shi ya sa ake damƙe shi da matsi kafin a kwance. Yaron maƙeri da bai taɓa ganin cikinsa ba, kada shi buɗe shi kaɗai.

Bayan an maida kome an zuba mai, akwai ɗan noti da ake murɗawa, a rage ko a ƙara saurin rufewa.

Mai shiga irin wannan ƙofa, kada shi danna ƙyauren don shi rufe da wuri. Dannawar nan ita ke fasa abin tare mai. In kuma an ga mai ya jiƙa daɓe gindin ƙyaure, ko ƙyauren na bugawa da ƙara, to man ya tsiyaye, resor kaɗai ke aiki. A riƙe hannun yara nesa da bakin, a shaida wa mai gadi tun kan a shiga.