Matashin Jibiya: Ɗan Nijeriya, Ɗan Nijar, Ko Ɗan Duniya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

A Jibiya akwai dubban matasa da aka haifa a Nijeriya, amma kawunnansu da gwaggwanninsu suna Ɗan Isa ko Maraɗi. Suna ciniki da naira da sefa, sun yi boko da Turanci, 'ya'yan kawunnansu kuwa sun yi lakwal da Faransanci, amma allonsu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya. Irin wannan matashi ne ake ja ta ɓangare biyu. Masu kishin ƙasa suna ce masa ya zaɓi tuta guda. 'Yan boko kuma suna ce masa ya manta da asali da addini, wai shi "ɗan duniya" ne. Bahaushe dai ya san wanda yake kira ɗan duniya, kuma ba yabo ba ne.

Ya kamata matashi ya san tarihin layin da ke Magama. Kakanninsa ba su zana shi ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Kafin nan, sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa mulki a Maraɗi. Shi kansa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo an haife shi ne a Marata a 1754, garin da yau yake cikin Nijar, kuma ya je har Agadas neman ilimi wajen Malam Jibrilu. To, Shehu ɗan wace ƙasa ne?

Masu kiran zama ɗan duniya kuwa, ina suke lokacin da aka garƙame iyaka? An rufe ta a 1984, an sake rufewa a watan Agusta 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai 2022. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka kuma rufewa, har Nijeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, sai a watan Maris 2024 aka janye. Direba da ɗan dako da mai ziyarar jinya su suka ji jiki. Mai fasfon Amurka yana keta ƙasashe yadda ya so, talakan Jibiya kuwa zuwa jana'izar kawunsa ya zame masa wahala.

Musulunci ya riga kowa warware wannan. A Madina, Bilal mutumin Habasha da Salman mutumin Farisa sun tsaya sahu ɗaya da Ƙuraishawa bayan Manzon Allah (S), ba wanda aka ce ya watsar da asalinsa, kuma ba wanda asalinsa ya fifita.

Don haka aikin matashin Jibiya a bayyane yake. Kada ya bari rigimar gwamnatoci ta sa ya kira ɗan uwansa na Nijar baƙo, ko ya tsawwala masa farashi ranar da hanya ta toshe. Ya riƙe zumunci, ya buɗe ƙofarsa ga matafiyi, ya koyi Larabci, ya ƙara da Turanci da Faransanci don hidimar al'umma. Wanda ya tashi tsakanin ƙasashe biyu ya fi kowa sanin cewa 'yan uwantakar imani ta girmi shingen kwastan.

Allah (T) Ya haɗa kan Musulmi, amin.