Makiyayi ya fi su sanin hanya

Masu rubutun siyasa da Faransanci a Nijar sun saba kwatanta ɗan siyasar da ya sauya sheƙa da makiyayi mai yawon kiwo. Wanda ya san Dakoro zai ga cewa an zalunci makiyayi da wannan kwatance. Bafulatanin da ke haurawa da shanunsa arewa da kwarin Tarka idan damina ta faɗi yana bin burtali sananne, a lokaci sananne, kuma bayan girbi zai dawo. Dukiyar da yake korawa tasa ce, ko kuwa amana ce da mai ita ya san inda ta nufa. Ɗan siyasa kuwa da ƙuri'ar wasu yake tafiya, ba tare da ya yi musu sallama ba.

Nan ne takaicin yake. A zaɓen ƴan majalisar dokoki, manomin Kornaka ko matar Sabon Mashi da ta bar daka ta shiga layi tun hantsi, jerin sunayen jam'iyya suke zaɓa. Alama da launi suka dangwala wa yatsa. Wasu sun ɓata da maƙwabta saboda wannan launi, wasu har gaisuwar suruki ta yi sanyi. Sai a wayi gari su ji a rediyo cewa a Yamai an sasanta.

Kundin tsarin mulki na 2010 ya yi ƙoƙarin toshe ƙofar. Ya tanadi cewa ɗan majalisar da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, mai maye masa gurbi ya hau. Amma wanda jam'iyya ta kora yana nan daram a matsayin ɗan majalisa mai zaman kansa. Mai wayo ba ya murabus, sai ya yi ta saɓa wa jam'iyya har ta gaji ta kore shi. Dokar kuma ba ta ce komai ba game da jam'iyyar da ta kwashe kayanta dungurungum ta koma wani gida.

Tarihi ya nuna ta waɗannan kafofi biyu ruwa ya fi shiga. A watan Agustan 2013, da aka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, Albade Abuba, babban sakataren MNSD Nasara, ya karɓi kujerar minista alhali jam'iyyarsa tana adawa, daga baya ya kafa MPR Jamhuriya a 2015. A 2016 kuwa MNSD ɗin da kanta ta nemi ƙuri'a da sunan adawa da Mahamadu Isufu, ta ƙaurace wa zagaye na biyu tare da ƙawayenta, amma a watan Agusta ta shiga cikin masu rinjaye, kuma a Oktoba aka naɗa Seini Umaru babban wakilin shugaban ƙasa. Ba a karya doka ko ɗaya ba. Wanda ya zaɓe ta don ta sa wa gwamnati ido ne kawai ya tashi a tutar babu.

Ana iya cewa ɗan majalisa wakilin ƙasa ne baki ɗaya, kuma mutum yana da damar canza ra'ayi. Gaskiya ne. Sai dai mai canza ra'ayi tsakani da Allah ba zai ji tsoron ajiye kujera ya koma gaban masu zaɓe ya sake roƙonsu ba.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 majalisar ta watse, a watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun gaba ɗaya. Ƙarancin masu makokinsu a karkara ba abin mamaki ba ne. Duk ranar da aka zauna rubuta sabuwar dokar jam'iyyu, ya kamata korarre ya bar kujera kamar mai murabus, da sharaɗin kotu ta tabbatar da dalilin korar, don kada shugabannin jam'iyya su mayar da ita bulala. Ƙawancen da aka shiga zaɓe da shi kuma a rubuta shi a ajiye a hukumar zaɓe, jam'iyyar da ta warware shi ta koma Dakoro da sauran gundumomi ta nemi sabuwar ƙuri'a.