Ma'aunin Wuta Ma Yakan Yi Ƙarya

Masu sayar da batirin sola suna da multimetir, wato ma'aunin wuta mai nuna lambobi. A cikinsa akwai ƙaramin pil, galibi na volt 9. In pil ɗin ya yi sanyi, ma'auni yakan ƙara lamba. Batiri gajiyayye sai ya nuna kamar cikakke. Manomi ya ba da kuɗin akuyarsa, dare biyu fitila ta mutu.

Kafin a biya, a sa mai kaya ya auna sabon pil na rediyo. Ya kamata a ga 1,5 ko sama kaɗan. In an ga 2, a sake pil na cikin ma'auni. In lamba tana rawa, a duba wayoyin nan biyu, ja da baƙa. Gindinsu ke yawan tsinkewa.