Ƙurar da Ba Ma Rubutawa a Littafin Mamata



Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina riƙe da littafin fadar Sarkin Zangonmu. A cikinsa nake rubuta suna da ɗaurin aure da sulhu, da gudummawar da aka tara idan an yi rashi. Duk mamacin da aka sallata a ƙofar masallacinmu, sunansa ya bi ta bakin alƙalamina. A gefen kowane shafi akwai ɗan gurbi inda nake sa sanadin rasuwa, kuma abin da iyalai suka saba gaya mini bai wuce biyu ba: gajeriyar rashin lafiya, ko doguwar jinya. Haka na gada, haka nake rubutawa. Sai a daminar bana, wata rana da ruwa ya tsare ni a zaure, na zauna ina jujjuya tsofaffin shafuka. Nan na lura cewa maza da yawa da na rubuta wa doguwar jinya na san su, na san irin tarin da suka yi, kuma na san inda suka ci abinci. A ramin zinariya ne.

Ɗaya daga cikinsu maƙwabcina ne, bai kai hamsin ba. A ƙuruciyarsa shi ake kira idan za a kayar da sa ranar layya. Shekarunsa na ƙarshe kuwa, tsakanin gidansa da masallaci sai ya huta sau biyu, ya dafa bango yana neman numfashi kamar wanda ya yi gudu. An ba shi maganin tarin fuka ya shanye, ya ɗan murmure, tarin ya dawo. Daga nan aka shiga sha da turare, aka fara raɗe-raɗin cewa jifa ne daga wani abokin aikinsa. Bayan sadakar uku mai ɗakinsa ta zo gaishe da Sarki, ta tsaya gabana ta ce, "Malam, me ka rubuta masa?" Na ce doguwar jinya. Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne. Ni dai na san shekara goma sha biyar ina wanke masa kaya, ruwan yana fita fari kamar na gasara."

Maganar matar nan ta fi abin da na rubuta gaskiya. Zinariyar ƙasar nan a jikin farin dutse take, wanda masana ke kira kwaz, a Obuasi da Prestea da Tarkwa duka. Idan aka huda dutsen nan, ko aka fasa shi da nakiya, ko aka niƙa shi a inji, yana fitar da ƙurar silika. Wadda ido ke gani hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Mai kisan ita ce wadda ba a gani, wadda silin gashin kai ya ninka ta kauri sau goma ko fiye. Ita ce ke gangarawa har ƙarshen huhu ta zauna. Jiki ya yi ta yaƙi da ita bai iya narkar da ita, sai wurin ya zama tabo, tabo a kan tabo, har huhu ya sandare ya kasa buɗewa. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira silikosis. Ba ya warkewa. Yakan ɗauki shekara goma zuwa ashirin kafin ya bayyana, amma inda ƙura ta yi yawa yakan kama mutum cikin shekara biyar, wani lokaci ma ƙasa da haka. Abin da ya fi ban tsoro shi ne yana ci gaba da cin huhu ko da mutum ya bar rami ya koma sayar da goro a tasha. Kuma huhun da ƙura ta raunata, tarin fuka ya fi saurin kama shi, ninki uku ko fiye. Shi ya sa ake ba mutum magani wata shida, ƙwayar cutar ta mutu, amma numfashi bai dawo ba, sai mu ce asiri ne.

Ba yau abin ya fara ba. An kafa kamfanin Ashanti Goldfields a 1897, jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Tarkwa a 1901, ya kai Kumasi a 1903. Tun daga lokacin mutanen arewa suka yi ta kwararowa kudu neman aikin rami, da Dagarti da Frafra da Mosawa da Zabarmawa da Hausawa, kuma da yawa daga zangunan garuruwan zinariya a kan haka suka cika suka batse. Mace-macen leburori sun yi yawa har gwamnatin mulkin mallaka ta kawo Farfesa William Simpson a 1924 ya binciki halin lafiya a ma'adinai da ƙauyukansu. A wancan zamani idan lebura ya fara tari ya kasa aiki, sai ya ɗaure kayansa ya koma garinsu, ya mutu can inda ba mai ƙirga shi. Shekara ɗari ke nan. Bambancin kawai shi ne yanzu mu ne garin da ake komowa a mutu, kuma mu ma ba ma ƙirgawa.

Mutuwar rami iri biyu ce. Akwai mai ƙara, wadda rediyo ke ɗauka. A watan Nuwamba na 2009 rami ya rufta a Dompoase ya kashe mutum 18, mafi yawansu mata. Ranar 20 ga Janairun 2022 motar da ta ɗauko nakiyar ma'adinai ta fashe a Apiate kusa da Bogoso, ta rushe garin kusan gaba ɗaya. Irin waɗannan manya sukan zo jaje, a yi alkawari, a kafa kwamiti. Sannan akwai mai shiru: yatsun da injin canfan ya cinye, bayan da buhun dutse ya karya, kunnen da ƙarar inji ta kurumtar, hannun da ke rawa saboda hayaƙin zaiba da ake shaƙa wajen ƙona zinariya, da kuma huhun da na ambata. Wannan ta biyun ba ta da ranar da za a tuna da ita, don haka ba ta da mai biyan diyya.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mini a zaure: ajali ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa yake sai ya tafi. Gaskiya ne, ba musu. Amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi rufe shagonsa da kwaɗo saboda arziki na Allah ne ba. Akwai ma wani mai rami, mutum mai ɗan karatu, da ya kawo mini hujja lokacin da muke neman ya taimaki marayun wani yaronsa. Ya ce ai ya zo a hadisi, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, cewa wanda ya halaka a ramin ma'adini ba a bin kowa diyyarsa. Hadisin tabbatacce ne, mun karanta shi a gaban malamanmu. Sai dai mun kuma karanta sharhinsa. Maganar tana kan wanda bai yi ta'adi ba kuma bai yi sakaci ba. A cikin Muwaɗɗan nan dai Imam Malik ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a hanyar jama'a inda bai halatta ya haƙa ba, idan wani ya faɗa. To, ina matsayin wanda ya san katakon tokare ramin ya ruɓe amma ya ce a shiga, ko ya tura yara ƙasa hayaƙin nakiya bai gama fita ba, ko ya hana a jona ruwa a injin huda dutse don kada a ɓata lokaci? Hukuncin na malamai ne, ina kuma roƙon limamanmu su ɗauki mas'alar nan a huɗuba da wurin tafsiri. Amma kada a mai da hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, garkuwar rowa.

Dole in faɗi wani abu mai ɗaci. Mun fi jin daɗin zagin manyan kamfanoni da baƙin da suka kawo injuna, domin suna nesa. Amma da yawa daga ramukan galamse da 'ya'yanmu ke shiga, masu ɗaukar nauyinsu namu ne. Muna sahu ɗaya da su, su ne ke fara miƙa gudummawa idan za a gyara rufin masallaci, kuma ni ne ke rubuta sunayensu a saman shafi. Ina gode musu. Sai dai kuɗin da mutum ya bayar na kwanon rufi ya isa ya sayi bututun ruwa da hular kwano da takunkumi na ƙwarai ga duk wanda ke aiki a ƙarƙashinsa. Ruwa shi ne babban maganin ƙura: a huda dutse da ruwa, a niƙa shi a jiƙe, a yayyafa wa wurin kafin a kwashe. Ƙyallen da yara ke ɗaurewa a hanci ba ya tare ƙurar nan ko kaɗan, ta fi ƙofofin saƙarsa ƙanƙanta. Takunkumi irin N95 ne ke rage ta, shi ma idan ya kama fuska sosai kuma ana sauya shi. Sannan a daina daka dutse a tsakar gida kusa da murhu. Wanda ya manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, to, ya tambaya a ba shi labari.

Ba na cikin masu cewa kowa ya bar rami gobe da safe. Na san farashin kwanon shinkafa, na san kuɗin haya, na ga yadda garin Obuasi ya yi sanyi lokacin da aka sallami ma'aikata a 2014 aka kuma dakatar da haƙa a 2016. Wanda ya ce wa matashi ya bar rami bai nuna masa wata ƙofa ba, ya yi masa wa'azi ne kawai. Tun 1989 ma doka ta halatta wa ɗan ƙasa ƙaramar haƙar zinariya idan ya karɓi lasisi. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya sayar da huhunsa bai san ya sayar ba, kuma ba a rubuta cinikin a ko'ina ba.

Ku dubi Afirka ta Kudu. Wani tsohon ma'aikacin rami mai suna Thembekile Mankayi ya kai kamfaninsa ƙara kan ciwon huhu, ya rasu kwanaki kaɗan kafin kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a Maris na 2011 cewa ma'aikaci irinsa yana da ikon neman diyya a kotu. Hukuncin nan ne ya buɗe hanya, har a 2018 kamfanonin zinariya shida suka amince da biyan rand biliyan 5 ga masu silikosis da tarin fuka, kotu ta tabbatar a 2019, aka kafa asusun Tshiamiso don rabawa. Biyu daga cikin kamfanonin, AngloGold Ashanti da Gold Fields, suna aiki a Gana, amma yarjejeniyar ta shafi waɗanda suka yi aiki a ramukan can ne kaɗai. Darasin da na ɗauka a matsayina na mai alƙalami shi ne, ko a can ɗin, sai an tabbatar da inda mutum ya yi aiki da abin da ke ƙirjinsa kafin a biya. Iyalin da suka binne nasu ba hoton ƙirji, ba takardar likita, su ne suka fi shan wuya.

Mu ma muna da doka. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ta wajabta wa mai aiki ya biya wanda ya ji rauni a bakin aiki, ta hannun ofishin ƙwadago, kuma ana son a shigar da nema cikin wata shida. Akwai kuma ƙa'idojin lafiya da tsaro na ma'adinai na 2012. Amma doka da takarda take magana, mu kuwa mun saba da "na yarda da kai" da musafaha. Sau nawa aka zo gaban Sarki da yaro mai dungulmin hannu, aka kira mai rami, ya ce bai taɓa ɗaukarsa aiki ba, rabon dutse kawai suke yi? Sarki ya yi ta lallashi, a ƙarshe a tashi da ɗan abin da bai kai kuɗin asibiti ba, a ce a yi haƙuri. Ni ne ke rubuta sulhun, kuma ina jin kunyar wasu shafukan.

Saboda haka na kai wa Sarki shawara. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in buɗe littafi na biyu, na masu rai." Ya yi shiru, sannan ya ce in buɗe, kuma in fara da 'ya'yan gidansa. A ciki zan rubuta sunan duk wanda ya taɓa aikin rami ko niƙa dutse ko ƙona zinariya, da inda ya yi, da shekarun da ya yi, da wanda ya yi wa, da shaidu biyu. Wanda yake tari fiye da mako biyu, ko yake zufa da dare, ko yake rama, za mu haɗa shi da mai rakiya zuwa asibitin gwamnati a gwada kakinsa a ɗauki hoton ƙirjinsa. Maganin tarin fuka kyauta ne. A gaya wa likita sana'ar mutum tun kafin ya tambaya, domin tabon ƙura da tarin fuka sukan yi kama a hoto, kuma wanda bai san ka shiga rami ba zai iya duban ɗaya ya bar ɗaya. A karɓi kwafin sakamako a adana a leda, kada a bar shi a aljihun riga. Mai shan taba kuma ya san yana ƙara wa gobara fetur.

Ina zama a zauren Sarki kowace Alhamis bayan la'asar. Mata da ke jin nauyin shigowa su aiko ta hannun magajiya, zan je har gida. A littafin mamata kuma, daga yanzu idan iyali suka ce mini doguwar jinya, zan yi musu ta'aziyya, sannan in tambaye su aikin da marigayin yake yi, in rubuta shi a gefen sunansa.