Bayan Sallama Daga Asibiti

Wata ƙanwata a unguwarmu aka matsa wa auren dole, har ta nemi halaka kanta. Da yake da sauran kwana ta tashi, asibiti suka sallame ta, gidansu suka ce a binne zancen, ai ta warke. Wallahi da sauran rina a kaba. Binciken da aka wallafa a Ingila a 2012 ya bi sawun irinsu sama da 30,000, aka ga mutuwar wuri ta fi yawa cikinsu ƙwarai, har da ta ciwo da haɗari, shekaru bayan sallama. Na ce, "Umma, a mayar da ita gun likitan ƙwaƙwalwa." Ta ce, "Salon a kira ta mahaukaciya?" Da ƙyar ta yarda, Litinin ni zan raka ta.