Sharhi: Diyyar Ma'aikaci Da Ƙananan 'Yan Kasuwar Gashuwa

Da zarar kaka ta yi, aka fara kwaso shinkafa daga fadamun kogin Yobe, injinan casa na garin Gashuwa ba su samun hutu sai dare ya raba. Kowane inji yana da yaransa: mai zuba shanshera, mai ɗinke buhu, mai kula da bel, da 'yan dakon da ke loda wa motocin da za su nufi Nguru, Haɗeja da Kano. Haka lamarin yake a gidajen burodi, da wuraren buga bulo, da rumfunan masu walda. Kusan dukkan waɗannan yara ladan yini ake ba su, kuma babu wata takarda tsakaninsu da iyayen gidansu sai amana.

Abin da aka saba yi idan tsautsayi ya auku sananne ne. Bel ya kama hannun yaro, sai maigida ya ɗauke shi zuwa asibiti, ya biya kuɗin magani gwargwadon ƙarfinsa. In rai ya yi halinsa, ya aika da buhun hatsi da ɗan abin sadaka gidan mamacin, a yi addu'ar uku da ta bakwai, a watse. Babu mai raina wannan zumunci, domin shi ya riƙe mutane da yawa. Sai dai kuma iyakarsa aljihun maigida, kuma yakan ƙare tun kafin raunin ya warke. Yaron da ya rasa yatsu huɗu yana ɗan shekara 20 yana da sauran shekaru masu yawa da zai ci abinci, alhali tausayin maigida, komai yawansa, ba kasafai yake wuce kaka biyu ba.

Abin da masu ƙananan sana'o'i da dama ba su sani ba shi ne, wannan al'amari ya daɗe da fita daga hannun ganin dama. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka Nijeriya take da dokar diyyar ma'aikata, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila. A shekarar 1987 gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta sabunta ta da doka mai lamba 17, wadda ta ɗora wa mai aiki biyan albashin wata 42 ga iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki, da na wata 54 ga wanda ya naƙasa gaba ɗaya. Aibin wannan tsari shi ne nauyin duka yana wuyan mutum ɗaya, don haka mai ƙaramin jari ya kan zaɓi ya yi musu, ko ya roƙi dangi a sasanta a zaure, maimakon ya karye.

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar dokar diyyar ma'aikata, wadda ta soke ta 1987. Ita wannan doka tara kuɗi ake yi a tukunya ɗaya. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata cikin Asusun Inshorar Ma'aikata na Ƙasa, wato NSITF, wanda aka kafa a 1993 a madadin tsohon asusun ajiyar ma'aikata na 1961. Idan hatsari ya faru, asusun ne zai biya magani da diyya, ba tare da sai an tsaya shari'ar wane ne mai laifi ba. Dokar ta hana a cire wannan kuɗi daga ladan ma'aikaci, kuma ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya yi haka.

Inda 'yan kasuwa ke yawan ruɗewa shi ne wajen girman kamfani. Dokar albashi mafi ƙanƙanta, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024, ta ɗauke wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014 ita ma tana da nata adadi. Ganin haka, sai mai gidan burodi mai yara shida ya ɗauka cewa shi ma dokar diyya ta tsallake shi. Ba ta tsallake shi ba. Ba ta sa wani adadi ba, kuma a wajenta ma'aikaci shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, da takarda ko da baki, na dindindin ko na wucin gadi, har da ɗan koyo, har da yaron gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne. Sojoji kaɗai ta keɓe. Ashe kuwa yaron da ake sallama da yamma a bakin inji yana cikinta tsundum, kamar yadda malamin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa yake ciki.

Lissafin ba ya buƙatar akawu. A ce mai injin casa yana da yara biyar, ladan kowanne idan aka tara yana kai naira 40,000 a wata. Jimla naira 200,000 ke nan, abin da zai zuba wa asusun kuwa naira 2,000, wato 24,000 a shekara, kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren, idan ɗaya daga cikin yaran ya rasu a bakin aiki ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, dokar ta ce a riƙa ba su kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata, wato naira 36,000 a wannan misali. Haka ma wanda ya naƙasa gaba ɗaya. Dokar ta haɗa har da hatsarin da ya sami ma'aikaci a kan hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, da cututtukan da sana'ar ke jawowa, da kurumtar da ƙarar inji ke haddasawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa rabin sa'a a ɗakin casa, ya fito da ƙaiƙayi a maƙogwaro da ƙugi a kunne, ya san waɗannan biyun na ƙarshe ba zancen takarda ba ne.

Akwai masu ƙyamar duk wani abu mai suna inshora saboda shubuhar riba da caca, kuma a jihar Yobe wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hukuncinta na malamai ne. Abin da ya dace a gabatar masu kafin su yi fatawa shi ne ainihin siffar asusun: gwamnati ce ta wajabta shi, ba kamfani ne mai masu hannun jari da ke jiran rarar kuɗi ba, kuma abin da aka tara na waɗanda tsautsayi ya faɗa wa ne. Mai son ƙarin kariya ga dukiyarsa yana da kamfanonin takaful irin su Jaiz da Noor, amma biyansu ba ya sauke masa wajibin asusun.

Uzurin da ya fi ƙarfi shi ne na rashin yarda, kuma asusun ne ya jawo wa kansa. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya dakatar da shugabannin hukumar saboda zargin almundahana. A 2022 kuma aka shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa mai bin diddigin kuɗin gwamnati cewa gara ta cinye wasu takardun kashe kuɗi da suka shafi sama da naira miliyan dubu 17. Ɗan kasuwar da ya ji wannan labari a rediyo, ba a yi masa adalci ba in aka ce taurin kai ne ya hana shi biya. Ga kuma nisa: mai walda a Gashuwa ba zai rufe rumfarsa ya yi doguwar tafiya don ya kai naira dubu biyu ba. Shi ya sa yawancin masu neman takardar shaidar biyan asusun 'yan kwangila ne, domin ana neman ta wajen takarar ayyukan gwamnatin tarayya.

Duk da haka, ƙin biya ba ya hukunta ɓarayin asusu, yaron inji yake hukuntawa, sannan maigidansa, wanda bashin gudummawar da tararta ke nan suna jiransa. Hanyar da ta fi kusa ita ce ta ƙungiyoyin sana'a. Masu casa, masu burodi da masu walda suna da shugabanninsu, suna kuma tara kuɗin ƙungiya. Su ne za su iya gayyato jami'an asusun zuwa Gashuwa da Nguru a ranar kasuwa, a yi wa kowa rajista a zama ɗaya, su kuma nemi a nuna masu, da alƙaluma, mutum nawa aka biya diyya a jihar Yobe tun da aka fara tsarin a 2011. Hukumar da ke neman kuɗin talaka ba ta da hujjar ɓoye wannan amsa. Ƙungiyar da ta bi wa memba ɗaya haƙƙinsa har ya shiga hannu ta gama wayar da kan sauran.

Kafin a kai ga nan, akwai abin da ke hannun maigida shi kaɗai, wato littafin lada. Diyya a kan albashi ake lissafa ta, kuma yaron da ba a taɓa rubuta sunansa da ladansa ba zai sha wuya kafin ya tabbatar da cewa ya yi aiki a wurin. Littafin makaranta mai shafi 60 ya isa: suna, ranar fara aiki, abin da aka biya, da sa hannu ko dangwale.

Sai kuma kiyaye wa'adi, domin nan ne haƙƙi ya fi salwanta. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da maigida cikin kwana 14 da aukuwar hatsari. Shi kuma maigida ya kai rahoto ga asusun cikin kwana 7, in mutuwa ce nan take. Takardar neman diyya ana shigar da ita cikin shekara ɗaya, kuma wanda bai gamsu da hukuncin asusun ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A garin da aka saba jiran sadakar arba'in ta wuce kafin a ta da zancen kuɗi, ya kamata shugabannin sana'a su riƙa tuna wa iyalan mamaci waɗannan kwanaki tun a zaman makoki.